Ɗakin Bayan Boila

Shafi na 17

Masu tambayata lambar ginin nan, ku huta, daga kaina na gina shi. Dokar ce kawai ta gaske. Bismillah.

Fusena ba ta sa rigar aiki ba da safiyar Asabar ɗin. Jakar kayan aikin dai ta rataya, don kafaɗarta ta saba da ita, ta hau jirgin ƙasa ta sauka a Concourse Village, unguwar da ta tashi tun zuwansu daga Kumasi tana yarinya.

A ƙofar gininsu ta tarar da Kawu Moro, ƙanin mahaifiyarta, yana watsa gishiri a kan ƙanƙarar da ta daskare a matakala. Shi ne super, wato mai kula da ginin. Famfo, shara, makullai, duk a wuyansa suke, har da tsohuwar boilar da ke ɗakin ƙasa, wadda ke tura zafi zuwa hawa shida.

Ta rusuna ta gaishe shi. Ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya ce ta hau sama, mahaifiyarta Mma ta dama koko.

"Ba wurin Mma na zo ba, Kawu. Wurinka na zo."

Ya juye ragowar gishirin a matakalar ƙarshe, ya shige gaba, ta bi shi zuwa ɗan ofishinsa da ke kusa da akwatunan wasiƙa.

Dokar birni ce ta kawo ta ginin a makon nan. Duk babban gini, sau ɗaya a shekara goma, sai an kawo masu bincike sun bi shi lungu-lungu, su gano inda zafi ke zurarewa da inda mai da lantarki ke tafiya a banza. Kamfanin da take aiki ne ya samu aikin, kuma da ta ga adireshin sai da ta yi dariya. Mai ginin ya riga ya fara gyara tun watan Oktoba. Ya canza tagogi, ya sa an toshe duk wata kafa a bango da ƙarƙashin ƙofofi. Mma har waya ta yi mata tana murna, wai bana iska ta daina yi mata fito a taga.

Jiya Juma'a ne Fusena ta sauka ɗakin ƙasa da kyamarar da ke nuna zafi, wadda wuri mai sanyi ke fitowa shuɗi a cikinta, mai ɗumi ya fito ja. Ko'ina shuɗi ne ban da boilar kanta. Sai da ta juya ga bangon katakon da ke bayanta, inda aka ce ma'ajiyar kekuna ce, ta ga ya yi jawur tun daga ƙasa har sama. Abokin aikinta Yaw yana can yana duba bututu, bai gani ba. Ta sauke kyamarar, ba ta ce masa komai ba.

Yanzu ta zauna a kan bokitin fenti, Kawu yana kan kujerarsa, ya haɗa hannuwa a kan ciki.

"Kawu, wa ke kwana a bayan boila?"

Ya yi wata gajeriyar dariya. Ya ce kekuna ne da tsofaffin katifu da mutane suka bari, in tana so ya rubuta mata su. Ta ce keke ba ya ɗumama katako. Ta fito da wayarta ta nuna masa hoton. Ta ce ta kuma ga wayar wuta da aka ja daga ɗakin wanki aka bi da ita ta saman bututu, ta ga takalmin roba a bakin ƙofar, jiƙaƙƙe.

Kawu ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, yadda masu shekarunsa ke yi. Ya daɗe yana kallon jan launin kafin ya miƙa mata.

Da ya fara magana, ba faɗa ya yi ba. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan yake ganin mutane suna zuwa da na'urori. Wasu su auna fenti, wasu su auna ruwa, yanzu kuma ga masu auna zafi. Ya ce bai ce aikinsu ba shi da kyau ba, don shi ma ya ga bambancin sababbin tagogin. Amma duk cikinsu babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi mutum nawa ne a unguwar nan ba su da tagar da za a canza musu.

"Zafin nan da kuke cewa yana zuba a banza," ya ce, "akwai wanda da shi yake rayuwa."

Fusena ta sunkuyar da kai.

Ita ta yarda da aikinta, ba don albashi kawai take yi ba. A hawa na huɗu na ginin nan ta girma, inda a watan Janairu zafi ke yi musu yawa har Mma ta buɗe taga, alhali tsohuwar da ke hawan ƙasa tana kwana da rigar sanyi. Ta tuna baƙin hayaƙin da ke fita ta saman ginin a lokacin da ake ƙona baƙin mai, da yadda yake sauka a kan labule, da yadda ƙirjinta ke kamawa duk lokacin sanyi har a kai ta asibiti. Ranar da aka hana ƙona man nan a birni, ta ji kamar ita aka yi wa. Shi ya sa ta karanci abin da ta karanta.

Sai dai a duk karatun nata ba a taɓa ce mata in ka toshe kafofin gini, za ka iya tarar da mutum a cikin ɗaya daga ciki ba.

Ta ɗago ta ce masa ba don ta kai ƙara ta zo ba, da haka ne da tun jiya ta yi. Abin da ya hana ta barci wani abu ne daban. A bangon ɗakin boilar akwai tagar ƙarfe mai ramuka, wadda ke shigo da iska daga waje. Jiya ta ga an cusa mata tsohon bargo, an kuma manna kwali a kai.

Kawu ya ce shi ya yi. Iskar da ke shigowa ta nan kai tsaye take bi ta ƙarƙashin katakon, kamar ana zuba ruwan ƙanƙara. Da sanyi ya tsananta sai ya rufe. Ya ce kada ta damu, shi da boilar nan sun san juna tun kafin ta gama firamare, ko tari ta yi ya san abin da ke damunta.

"Na sani, Kawu. Boilar ita ce ta da. Ginin ne ba na da ba."

Ya ɗan karkata kai.

Ta yi masa bayani a hankali, don ba ta so ya ji kamar tana koya masa aikinsa. Ta ce wuta sai da iska take ci. Da can ginin nan ko'ina yoyo yake, ta taga, ta ƙofa, ta tsagar bango, boilar tana shaƙa ta duk inda ta ga dama, ko an rufe wannan tagar ba za ta ji ba. Yanzu an toshe ko'ina. Tagar ƙarfen nan ce kaɗai hancin da ya rage mata. In ta rasa iska, wutar ba za ta ci da kyau ba, hayaƙin da ya kamata ya hau bututu ya fita sama zai iya dawowa cikin ɗaki. Kuma ba irin baƙin hayaƙin da ba ne da ake gani a guje masa. Wannan ba shi da launi, ba shi da wari.

Kawu ya cire hularsa ta ulu, ya shafa kai, ya mayar.

Ta ce ranar Litinin babban injiniyansu zai zo gwada boilar. Shi ba zai kau da kai ba, kuma doka ba ta ba shi damar ya kau ba. Zai gaya wa mai ginin. Ba sai ta ƙarasa ba, su biyun sun san sauran: aikin Kawu zai tafi, ɗakin da yake ciki da iyalinsa kuma tare da aikin aka ba shi.

Ya roƙe ta ta ja masa lokaci zuwa ƙarshen sanyi. Ta ce ba a hannunta yake ba. Ya ce ai ita 'yar gida ce. Ta ce shi ya sa ta zo yau ba ranar Litinin ba.

"Wane ne, Kawu?"

"Na yi alkawari."

"Ɗan Zongonmu na Kumasi ne? Wanda na sani?"

"Ba baƙo ba ne," ya ce, idonsa a kan makullan da ke rataye a bango. "Iyakar abin da zan ce ke nan."

A daidai nan aka turo ƙofar baya, wadda ake fitar da shara ta cikinta. Wani mutum ya shigo yana ɗingishi, hular rigar sanyinsa ta rufe masa fuska, da ledar burodi a hannu. Ya leƙo ofishin yana ce wa Kawu bai samo citta ba, shagon bai buɗe ba tukuna.

Muryar ce ta fara isa gare ta kafin fuskar.

Fusena ta miƙe, bokitin fentin ya kife a bayanta.

"Yaya Tamimu."

Wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda kowa ya sani yana Ohio yana jan tirela. Wanda duk ranar Juma'a yake kiran Mma ya gaishe ta, ya ce mata yana kan hanya, network ba kyau.

Ya rame. Gemunsa ya fito ba gyara. Ya dubi Kawu, Kawu ya ɗaga hannuwa biyu alamar ba shi ya faɗa ba. Tamimu ya ajiye ledar a kan tebur, ya jingina da bango, don tsayuwa tana yi masa wuya.

Bai yi ƙoƙarin musu ba. Ya ce tun ƙarshen bazara motarsa ta kife a kan hanya. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙashin bayansa ya taɓu, likita ya ce ba zai ƙara zaman tuƙi mai tsawo ba. Aikin ya tafi, ɗakin haya ya bi shi. Ya rasa inda zai nufa sai garin da ya sani. Ya sauka daga bas, ya zo har ƙofar ginin nan, ya ɗaga kai ya hango labulen Mma, ƙafarsa ta ƙi hawa. Kawu ne ya same shi zaune a kan matakala.

Fusena ta tambaye shi me ya hana shi hawa. Ya ce ta fi kowa sanin yadda suka rabu da Mma. Ya yi aure a can bai gaya mata ba sai bayan an ɗaura, ta yi fushin da ta kusa shekara ba ta ɗaukar wayarsa. Da ƙyar ta sauko, kuma abin da ya saukar da ita shi ne tana ganin ko ba komai ɗanta ya tsaya da ƙafarsa. A gidan suna, a gidan biki, labarinsa take bayarwa. Ya ce ta yaya zai ƙwanƙwasa mata ƙofa da sandar guragu a hannu.

"Duk sanda aka nuna ƙanƙara a Ohio a talabijin," Fusena ta ce, "sai ta tashi ta yi alwala ta yi maka addu'ar hanya. Kana ƙarƙashin ƙafarta."

Ya rufe ido.

Ya ce ranar Lahadi Mma takan sauko ɗakin wanki. Katako ne kawai tsakaninsu. Yakan kashe fitila ya zauna a bakin gado, yana jin tana hira da maƙwabta, yana jin tarinta, har ya san lokacin da take ninke kaya. Ya ce sau ɗaya ya kai hannu kan sakata, sai ya ji tana gaya wa wata mata wai ɗanta ya ce zai kai ta Makka. Ya janye hannun.

Fushin da Fusena ta ji ya taso mata da farko ya rasa inda zai sauka. Ta dubi Kawu, wanda ya sa aikinsa da ɗakin 'ya'yansa cikin haɗari don ɗan yayarsa. Ta dubi wanta, wanda ya riƙa goya ta zuwa makaranta a shekarar da suka zo, saboda tana tsoron ƙanƙara. Ta rasa wanda za ta ce shi ne mai laifi. Ita ma da kyamararta ba ta ga laifin kanta ba, amma ita ce ta zo ta tone su.

Ta ce ko ma mene ne, ba zai ƙara kwana a ɗakin nan ba. Ya zo wurinta yau, tana da kujerar da ake shimfiɗawa. Maganar Mma kuma su bar mata.

Tamimu ya ce ɗakinta ƙarami ne, ba zai ishe su ba.

"Ku?"

Ya dubi ƙasa.

"Shafa'atu tana nan. Ina kike so in bar ta?"

Matarsa ke nan, 'yar Maraɗi, wadda Fusena ba ta taɓa gani ba sai a hoto. Ya ce ita ce ta riƙe su duk watannin nan, tana kitso a wani shago a titin 116 a Harlem, tun safe har yamma a tsaye. Da son ranta ne da ba ta yarda da ɗakin ba, amma ba ta da takardun zama, kuma tana tsoron gidan da gwamnati ke ajiye marasa muhalli, don ta ji ana yin tambayoyi da yawa. Ya ce yanzu ta daina zuwa shagon ma, tsayuwar ta gagare ta.

Kawu ne ya ƙarasa masa, a hankali. Ya ce ciki gare ta, ya tsufa.

Fusena ta dafa tebur. Ta tambayi yaya jikin nata. Tamimu ya ce da sauƙi, sai dai laulayin ya dawo mata, abin da ya ba su mamaki, don da ya wuce tuntuni. Ciwon kai, jiri, amai. Ga barci, wuni take yi tana barci. Shi ya sa ya fita neman citta.

"Tun yaushe?"

Ya ce tun da sanyin nan ya tsananta.

Ta dubi Kawu. Ta ga shi ma ya ji, don hannunsa ya tsaya a kan gwiwarsa.

"Kai fa, Yaya? Kanka yana ciwo?"

Ya ce kullum da safe, amma nasa na tunani ne, don da ya fita ya ɗan zaga unguwa sai ya sake shi.

"Yanzu tana ina?"

"Tana barci. Da asuba ma na tashe ta sallah ta kasa, na ce bari ta huta. Da zan fita ne ta lallaɓa ta sa sakata."

Fusena ba ta san lokacin da ta zuge jakarta ba. Ta zaro wata 'yar na'ura mai launin rawaya, mai kuka in ta ji hayaƙin nan marar wari, wadda suke maƙalawa a ƙirji ranar gwajin boila, ta danna ta, ta fita da gudu. Kawu ya biyo ta. A saman matakalar ɗakin ƙasa akwai jan makunni, wanda a duk shekarunsa a ginin bai taɓa yarda wani ya taɓa shi cikin sanyi ba. Shi da kansa ya kai hannu ya kashe. Gurnanin boilar ya mutu.

Ba su kai rabin matakalar ba na'urar ta fara kuka.

Ta ce wa Kawu ya buɗe ƙofar waje, ya cire bargon nan, kada ya daɗe a ciki. Ta fito da wayarta ta fara danna lamba. Tamimu, da ya sauko yana jan ƙafa, ya riƙe mata hannu.

"Fusena, ba ta da takarda. In suka zo, shi ke nan. Har da Kawu."

"Ba takarda za su tambaya ba, Yaya. Sake ni."

"Bari mu fito da ita tukuna."

Daga can ƙasa Kawu ya yi magana, yana fizgar kwalin daga bango, ko waiwayowa bai yi ba.

"Kira su, ɗiyata."

Ta zare hannunta, ta kara wayar a kunne. Wata mace ta ɗauka tana tambayar adireshi, Fusena ta faɗa mata.

Tamimu ya isa ƙofar katakon ya tura. A kulle take ta ciki, shi ya ce mata ta riƙa sa sakata in ya fita. Ya buga da tafin hannu, ya kira sunanta. Ya ƙara bugawa, ya kara kunne a jikin katakon.

Kawu ya matsar da shi gefe, ya ja baya, ya daki ƙofar da kafaɗa. A karo na biyu sakatar ta ɓalle.

Gadon babu kowa.

Shafa'atu tana ƙasa, a kife kusa da bakin ƙofa, hannunta ɗaya a miƙe wajen sakatar.

Tamimu ya zube a gabanta, ya ɗago kanta ya ɗora a cinyarsa, yana kiran sunanta a hankali kamar mai tsoron tashin ta.

Matar da ke kan waya ta tambayi Fusena ko tana numfashi.

Fusena ta durƙusa, ta kai yatsunta biyu wuyan matar wanta, ta tsaya tana jira.